Ƙasidar Burda: Bahari, Ƙafiya da Adon Harshe

Burda ƙasida ce ta yabon Manzon Allah (SAW) wadda Imam Sharafuddini Muhammad al-Busiri, mutumin Masar, ya tsara a ƙarni na 7 bayan Hijira. Baitocinta sun kai 160, an kasa su fasali goma. Ana karanta ta a makarantun zaure da wuraren Mauludi daga Damagaram har zangunan Kumasi, amma da yawa daga masu rera ta ba su san ma'aunin da aka gina ta a kansa ba.

Bahari

Khalil ɗan Ahmad, malamin Basra, shi ya tsara ilimin Aruli, ya fitar da bahari 15, sannan Akhfash ya ƙara na 16. Burda tana kan baharin Basiɗi. Kowane baiti yana da ɗango biyu, kowane ɗango ƙafa huɗu: mustaf'ilun, faa'ilun, mustaf'ilun, fa'ilun. A ƙafar ƙarshe ana gajarta gaɓar farko, abin da malamai ke kira khabnu. Idan ɗalibi ya ƙirga, zai samu gaɓoɓi 14 a kowane ɗango. In ya samu 13 ko 15, to akwai wasalin da ya ci ko ya ƙara a karatunsa.

Ƙafiya

Ƙafiya ita ce amsa-amo. Harafin da kowane baiti na Burda ke ƙarewa da shi, wato rawiyyi, shi ne mimun mai kasra, shi ya sa ake kiranta Mimiyya. Wajen karatu ana jan kasrar har ta zama "mii", domin ƙafar ƙarshe ta cika. A baitin farko ɗangogin biyu duk sun ƙare da mimun. Wannan shi ne tasri'i, kuma da shi mawaƙi ke sanar da mai sauraro ƙafiyarsa tun daga farko. Baitin salatin da jama'a ke amsawa tsakanin baitoci ma yana kan wannan bahari da wannan ƙafiya.

Adon harshe

Busiri ya buɗe da begen wurare kamar Zi Salam da Kazima, bisa al'adar mawaƙan Larabawa na dā, kafin ya shiga yabo. A fagen tashbihi, wato kamance, ya kwatanta zuciya mai son sha'awa da jariri, wanda in an bar shi zai girma yana son nono, in an yaye shi sai ya yayu. Ya kuma kamanta Annabi (SAW) da rana, sauran annabawa da taurarinta. Akwai jinasi, wato haɗa kalmomi masu kama a lafazi masu bambancin ma'ana, da ɗibaƙi, wato jera abu da kishiyarsa. Saboda wannan yalwa, Safiyyuddini al-Hilli ya tsara Badi'iyyarsa a kan Basiɗi da mimun, Ahmad Shauƙi ma ya bi wannan turba a Nahjul Burda.

Amfanin sanin haka

A Larabci, jan wasali ko gajarta shi yana iya canza ma'anar kalma. Wanda ya fifita daɗin murya a kan ma'auni yakan ja inda ba a ja, har ya faɗi abin da mawallafin bai faɗa ba, alhali magana ce a kan Fiyayyen Halitta. Ya kamata ɗalibi ya karanta ta a gaban malami, ya yanka baitoci ƙafa-ƙafa, kafin ya sa mata murya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.