Yadda injin sanyaya ruwa na masana'antu yake aiki

Mene ne shi?

Babban inji ne da ake kafawa a masana'antu, asibitoci da manyan gine-gine. Aikinsa shi ne sanyaya ruwa. Famfo yana tura ruwan cikin tiyo zuwa inda ake bukatar sanyi. Ruwan ya kwashi zafin wurin, ya komo a sake sanyaya shi. A manyan gine-gine, galibi ruwan yana fita a digiri 7, ya komo a digiri 12. Wani injiniya na Amurka, Willis Carrier, ya fito da wani shahararren nau'insa a shekarar 1922.

Ina sanyin yake fitowa?

Inji ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake ɗaukewa daga wani wuri ya kai wani. Ku dubi randa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Duk ruwan da zai zama tururi sai ya sha zafi. Cikin injin akwai wani ruwa na musamman wanda masu gyara ke kira gaz. Yana tafasa ko cikin tsananin sanyi. Amoniya, alal misali, tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili.

Matakai huɗu

1. Gaz yana shiga tukunyar sanyi yana ruwa-ruwa. Ya sha zafin ruwan da ake son sanyayawa, ya tafasa, ya zama tururi. Ƙarfe ya raba su, ba sa gauraya.
2. Kwamfiresa ta zuƙi tururin, ta matse shi har ya yi zafi ƙwarai. Ita ce ta fi cin lantarki.
3. Tururin ya bi ta tiyo masu yawa, ya saki zafinsa waje, ya koma ruwa.
4. Ruwan ya ratsa wata ƙaramar ƙofa. Matsi ya ragu, ya yi sanyi, ya koma tukunya. Haka yake ta kewayawa.

Da iska ko da ruwa?

A mataki na uku, wasu injuna suna fitar da zafi da iskar fanka, wasu da ruwa. Masu ruwa sun fi tsimin lantarki, amma suna bukatar hasumiya inda wani ɓangare na ruwan ke bushewa kullum. Inda ruwa ke da wuya, masu iska sun fi dacewa. Sai dai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, suna wahala, su ƙara cin wuta.

Ina ruwan makiyayi da shi?

Madara tana fitowa daga saniya da ɗumi. Cikin ɗumin nan ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri, madara ta lalace, makiyayi ya yi asara. Idan aka sauke ta zuwa digiri 4 da wuri, tana jure tafiya. Don haka cibiyoyin tara madara, irin na Hamdallaye da Kollo kusa da Yamai, suke sanyaya ta kafin a kai ta birni. Da wannan dabara ake yin ƙanƙara, ake kuma adana nama, kifi da alluran rigakafi.

Abin lura

- Ƙura tana toshe hanyar iska. A riƙa share injin, musamman lokacin hunturu.
- Ruwan hasumiya marar tsabta yana iya haifar da ciwon huhu. A riƙa wanke ta, ana sa mata magani.
- Amoniya tana da wari mai kaifi, tana ƙona ido da huhu. Idan kuka ji warinta, ku fita nan take, ku sanar da shugaban aiki.
- Kada a saki gaz cikin iska. Wasu irinsa suna lalata rufin sama da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijar ke cikinta, ta tsara daina amfani da su.
- Ƙwararre kaɗai ya kamata ya buɗe injin.