Waƙoƙin Sallah: Yadda ake haɗa jerin waƙoƙin biki, da muryoyin da ba a cika sakawa ba

A kwanakin jajiberin Sallah, masu tura waƙoƙi a waya na cikin waɗanda kasuwarsu ke buɗewa a Potiskum, kamar teloli da masu ƙunshi. Matashi kan miƙa memori ko wayarsa ya ce a zuba masa “na Sallah”. Abin da yakan samu bai cika wuce waƙoƙi goma da ake yayi a wannan shekarar ba, waɗanda zai sake ji a kowace kwana da cikin kowace Keke Napep.

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce tsakanin Kano, Bauchi, Gombe, Gashuwa da Maiduguri, gari ne na direbobin manyan motoci da fataken shanu, inda Ngizimawa, Karekare, Bolewa, Ngamo, Fulani da Hausawa suke zaune tare. Gidan da ke karɓar baƙi irin waɗannan yana bukatar jerin waƙoƙin da ya fi na yayi faɗi.

Mece ce waƙar Sallah?

A wasu ƙasashen Musulmi akwai waƙoƙin da aka yi musamman domin Idi, waɗanda ake dawo da su kowace shekara. A Masar akwai “Ya Lailatal Id” ta Ummu Kulsum, daga fim ɗin Dananir na 1940. A Bangaladesh akwai waƙar ƙarshen azumi da Kazi Nazrul Islam ya rubuta a 1931. A Malesiya kuwa, waƙoƙin Hari Raya rukuni ne mai zaman kansa.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Mawaƙa kan saki waƙar barka da Sallah, amma yawancinsu ba sa wuce shekararsu. Abin da ke mayar da waƙa ta Sallah shi ne lokacin da ake jin ta: bayan saukowa daga Idi, wajen hawa, yayin rabon abinci, ko da yamma wurin yawon Sallah. Saboda haka jerin da ya fi gamsarwa shi ne wanda ya bi tafiyar yinin.

Safiya: bege da nashidodi

Safiyar Idi ta kabbarori ce. Bayan an dawo gida, iyalai da dama kan fara da yabon Manzon Allah (SAW). Baya ga fitattun sha’irai irin su marigayi Umar Abdul’aziz Fadar Bege da Hafiz Abdallah, akwai tsofaffin rubutattun waƙoƙi da masu murya ke sake rerawa, kamar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, da Ishiriniya ta Alfazazi wadda aka daɗe ana rerawa a zaurukan malamai.

Daga waje, akwai “Eid Song” ta Sami Yusuf a kundinsa My Ummah na 2005, da “Eidun Saeed” ta Mesut Kurtis tare da Maher Zain, da “Eid Mubarak” ta Harris J a kundinsa Salam na 2015. Dukansu gajeru ne, kuma yara kan kama amshinsu da wuri.

Hantsi: waƙoƙin fada

Sallah a Arewa ba ta rabuwa da hawa. A Potiskum akwai fadar Mai Fika, wadda ta dawo garin a 1924, da fadar Mai Pataskum. A Kano kuwa, hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah cikin jerin al’adun gargajiya na duniya a Disambar 2024.

Wannan sashe na makaɗan sarauta ne: Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi. Matasa da yawa sun san salonsu ne ta bakin Aminu Ladan Abubakar (ALA) da Naziru M. Ahmad, waɗanda suka ɗora kirari da yabon sarakuna a kan kiɗan fiyano. Jera tsohuwa kusa da sabuwa yakan sa dattijo da jikansa su zauna a tabarma ɗaya, kowa na jiran tasa.

Rana: cikin gida

Masu girki da rabon tuwon Sallah su ne suka fi daɗewa a kan aiki, amma su aka fi mantawa da su wajen haɗa jeri. Kiɗan amada na ƙwarya nasu ne. Sa’adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce aka fi sani, sai dai akwai Uwaliya Mai Amada, wadda ƙuruciyar yanzu ba ta cika sanin muryarta ba. A cikin na zamani akwai Maryam A. Baba, da Maryam Fantimoti, da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi.

Ga masu hira a zaure, kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gurmin Haruna Uji na Haɗeja, da waƙoƙin Mamman Gawo Filinge na Jamhuriyar Nijar ba sa hana mutane jin maganar juna.

Yamma: waƙoƙin da aka sake rerawa

Sake rera waƙar wani tsohuwar al’ada ce, kuma iri uku ce.

Na farko shi ne gado. Sanusi Shata yana rera waƙoƙin mahaifinsa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Nasiru Garba Supa ya ɗauki kukumar mahaifinsa, kuma ’ya’yan Ɗanƙwairo sun ci gaba da ƙungiyar gidansu.

Na biyu shi ne aron kari. Tun kafin fina-finan Hausa, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge na Jos sun ɗora baitocin Hausa a kan karin waƙoƙin Indiya. Daga baya masu bandiri na Ushaƙu Indiya a Kano suka yi haka da yabon Annabi, abin da ya jawo muhawara tsakanin malamai. Da kiɗan fiyano ya kafu a Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, aron ya ƙara yawa.

Na uku shi ne juya waƙar zamani zuwa Hausa. Namenj ya yi suna ne ta hanyar rera waƙoƙin Afrobeats da Hausa, kafin ya fitar da nasa, ciki har da “Dama” tare da Hamisu Breaker. A kafofin YouTube, Audiomack da TikTok akwai matasa da ke sake rera waƙoƙin Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da jita kaɗai, ba tare da na’urar gyaran murya ba. Irin waɗannan sun fi dacewa da bayan Isha’i, lokacin da gajiya ta sauko.

Mutanen Yobe da Borno kan ƙara da ganga da algaitar Barebari, da waƙoƙin Bolanci, Karekare da Ngizimanci da ake ɗauka a wajen bukukuwa. Mafi yawansu daga waya zuwa waya suke yawo, kuma idan memorin ya lalace sukan ɓace tare da shi. Wanda ya adana su ya yi wa harshensa hidima.

Lokacin Kirsimeti

Kiristoci masu jin Hausa na da nasu tarihin juya waƙa. Da yawa daga waƙoƙin haihuwar Almasihu da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata kan sake rera su da tulu da kacau-kacau. Panam Percy Paul da Solomon Lange na cikin mawaƙan bishara da ke da waƙoƙi da Hausa.

Haƙƙin mai waƙa

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin Shata na ƙarƙashin kariya har zuwa 2069. Sauraro a gida ba laifi ba ne. Amma wanda zai sake rera waƙa ya ɗora a intanet ko ya sayar, yana bukatar izinin mai ita ko magadansa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da wannan fanni.

Kafin a kunna

Ya kamata a saurari kowace waƙa har ƙarshe kafin a saka ta, domin wasu tsofaffin waƙoƙi na ɗauke da zambo ko kalaman da ba a so a ji a gaban surukai. Waƙoƙin siyasa kan raba kan baƙi, don haka ajiye su ya fi. Waƙoƙin fada kan kai minti 15 ko fiye, biyu ko uku sun wadatar. A sauke jerin tun kafin ranar, saboda layin sadarwa kan yi nauyi a ranar Idi. A kashe sauti idan an kira salla, a kuma rage shi da dare saboda maƙwabta da marasa lafiya.

Hanya mafi sauƙi ta gano waƙar da ba ta cikin yayi ita ce a tambayi mafi tsufa a gidan wace waƙa yake ji ranar Sallah sa’ad da yake yaro, sannan a nemo ta a sanya a farkon jerin.