Ramin Ɓuya da Haƙƙin Maƙwabci

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, akwai wani ciniki da na ci karo da shi cikin karatun tarihi wanda ya tsaya mini a rai, watau cinikin ramin ɓuya, wanda mutum kan saya a binne masa a bayan gida don tsoron bam. Ina so in ba ku labarinsa a ƙasashe uku, don kowace da yadda ta ɗauki al'amarin.

Mu fara da Ingila. Da aka ga yaƙi da Jamus ya matso, a 1939 gwamnati ta shiga raba wa mutane wata 'yar bukka ta kwanon ƙarfe, wadda aka sa wa sunan Sir John Anderson, ministan da ke kula da tsaron farar hula. Mai gida zai haƙa rami kamar ƙafa 4, ya kafa ta ciki, ya rufe ta da ƙasa. Tana cin mutum shida. Wanda samunsa bai kai fam 250 a shekara ba kyauta a ke ba shi, mai hali kuwa ya biya fam 7. Kafin yaƙi ya ɓarke a watan Satumba an raba wajen miliyan ɗaya da rabi. Sanyi gare ta, ruwa kuma ya kan kwanta ciki, amma ta ceci rayuka, kuma talaka da mai kuɗi duk sun samu.

A Amurka kuwa abin ya sha bamban. Ran 25 ga Yuli 1961, ana tsakiyar rikici da Rasha a kan birnin Balin, Shugaba Kennedy ya yi wa jama'a jawabi, ya nemi majalisa ta ba da dala miliyan 207 don tsaron farar hula. Mutane suka firgita. A watan Satumba mujallar Life ta buga zanen ramummuka iri iri, ta ce za a iya ceton mutum 97 cikin 100. Nan da nan 'yan kasuwa suka ga abin nema, har masu gina wurin ninƙaya suka koma sayar da rami. Aka ce kowane magidanci ya tanadi ruwa da abincin gwangwani na mako biyu, don sai ƙurar bam ɗin nukiliya ta lafa za a fito.

To, a nan tambaya ta taso. Ramin mutum biyar ne, abincin ma na mutum biyar. In ƙaho ya yi kuka maƙwabci ya zo da 'ya'yansa yana buga ƙofa, yaya za a yi? Mujallar Time ta ba da labarin wani mutumin gefen Shikago da ya ce zai girka bindiga mai sarrafa kanta a bakin raminsa. Wani limamin Katolika, L. C. McHugh, ya rubuta cewa halas ne mutum ya kare raminsa da ƙarfi. Waɗansu malaman addini suka yi masa ca. Da gwamnati ta ga inda aka dosa, sai ta karkata ga maɓoyar jama'a a ƙarƙashin makarantu da manyan gine-gine. Bayan rikicin Kuba na 1962 da yarjejeniyar hana gwajin bam a sarari ta 1963, kasuwar ta mutu, ramummukan suka zama ɗakin shirgi.

Ƙasar Suwizalan ta ɗauki wata hanya. A 1963 ta yi doka cewa sababbin gidaje su kasance da maɓoya, har aka kai ga samun gurbi kusan ga kowane ɗan ƙasa. Inda kowa ke da wurinsa, babu mai tsaron ƙofa da bindiga.

Kada mai karatu ya ce wannan tsoron Turawa ne kurum. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura zuwa ƙasashenmu. Iyayenmu ba su da kuɗin rami, ba kuma mai sayar musu. Abin da Nijeriya ta yi shi ne ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961, bayan gwaji na uku.

Ni dai ba na zargin magidancin da ya so ya tsirar da iyalinsa, wajibinsa ne. Amma abin da na fahimta shi ne, duk sa'ad da hukuma ta bar wa kowa tsaron kansa gwargwadon aljihunsa, maƙwabci ne ke fara zama abokin gaba tun bam bai faɗo ba. Mu da aka rena a kan haƙƙin maƙwabtaka, ya kamata kowa ya tambayi kansa: in kai ne a ciki, aka buga ƙofa, za ka buɗe? Allah Ya kiyashe mu da ganin wannan rana, amin.