GIDAN KAYAN TARIHI NA BADAGIRI

Badagiri wani ƙaramin gari ne a bakin teku, wajen mil 40 yamma da Ikko, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Binin, wadda a da a ke kira Dahomi. Yawancin mutanen garin Egun ne, sarautarsu kuwa Akran a ke ce da ita. Garin yana da unguwanni takwas, kowace da mai sarautarta. Sana'arsu kamun kifi da noman kwakwa da saƙar tabarmi. Tsakanin garin da teku akwai wani dogon ruwa kwance, a ƙetarensa kuma akwai tsibirin rairayi da a ke kira Gberefu. Baƙon da ya sauka garin ya ga masunta suna gyaran komarsu a inuwar kwakwa ba zai zaci an taɓa yin wani babban al'amari a wurin ba. Amma fiye da shekara ɗari ana sayar da 'yan Adam a nan, ana ɗora su a jiragen ruwa.

A bakin wannan ruwa akwai wani tsohon gini wanda aka yi a 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Turawan Ingila. Da farko ofishin Di'o ne. A 2002 Gwamnatin Jihar Legas ta mai da shi gidan kayan tarihi, watau wurin da a ke ajiye kayan mutanen da, don na baya su zo su gani. Wanda ya shiga da zaton ganin zinariya ko kayan adon sarauta zai sha mamaki, domin abin da ya fi yawa a ciki baƙin ƙarfe ne: sarƙoƙin wuya, da mari na ƙafa, da takunkumin da a ke ɗaure wa bawa a baki. An jera ɗakunan bi da bi, yadda tafiyar bawa ta ke. Akwai na kamu, da na tafiyar hanya da jirgi, da na aikin gonaki a ƙasar waje, da na tawaye da horo, da na hana cinikin, sa'an nan akwai ɗaki guda na labarin garin kansa.

Asalin abin kuwa, wajen 1736 wani Bature ɗan ƙasar Holan ya zo ya kafa wurin ciniki a Badagiri, daga baya Turawan Fotugal da waɗansu suka biyo. Suna kawo taba da barasa da bindigogi da albarushi da tufafi da wuri, su karɓi mutane. Turawan nan ba su shiga cikin ƙasa kamun bayi da kansu. Fatake ne ke kawowa daga nesa, manyan gari su yi dillanci a kasuwar Vlekete, kowa ya ci rabonsa. In ciniki ya faɗa sai a zuba bayin cikin kwalekwale a ƙetare da su Gberefu, a kora su da ƙafa cikin rairayi har bakin teku. A kan hanyar akwai wata rijiya, wadda mutanen garin ke cewa an yi wa ruwanta asiri, wai duk bawan da ya sha sai ya manta gida. Ƙarshen hanyar nan yanzu sunansa Wurin Da Ba A Komowa.

To, mai karatu na Kano ko Katsina ya iya tambaya, ina ruwan mutumin Arewa da wani gari na bakin teku? Amsa ita ce hanya. Daga Badagiri akwai hanyar fatake wadda ta bi ta ƙasar Yarabawa zuwa tsohon birnin Oyo, ta ƙetare Kwara ta shiga Nufe, har ƙasar Hausa. Yaƙe-yaƙen da suka tashi tun daga 1804, da kuma rushewar mulkin Oyo, sun sa aka kama mutane masu yawa, Hausawa da Nufawa da Barebari da Yarabawa. Waɗansu aka bar su bauta a gida, waɗansu aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka kai Badagiri da Ikko da Wida. Da yawa daga cikinsu an kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, aikin rake. Can ma ba su sallama ba. A 1807 hukuma ta gano Hausawa suna shirin tawaye, a 1809 da 1814 kuma aka yi tawayen, da Hausawa a gaba. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka tashi a birnin Bahiya, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. An ci su da yaƙi, amma layu da takardun Larabci da aka samu a jikinsu suna nan ajiye a Barazil har yau.

Wannan hanya wadda bayi suka gangaro ita ce Turawa masu yawon binciken ƙasa suka haura. A watan Disamba na 1825 Kyaftin Clapperton ya tashi daga Badagiri za shi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da baransa Richard Lander, da wani tafinta Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi Abubakar ɗin nan an taɓa kama shi bawa aka sayar wa Turawan Fotugal, sai jirgin yaƙin Ingila ya tare jirginsu a teku ya 'yanta shi. Clapperton ya mutu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Da Lander ya komo Badagiri, sai masu cinikin bayi suka kai ƙararsa wurin manyan gari, suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka ba shi gubar rantsuwa ya sha. Ya yi maza ya amayar, ya tsira. Da ya sake zuwa a 1830 tare da ƙanensa, sun tarar da malamai Hausawa zaune a garin, har suka ga Musulmi sun fita Idin ƙaramar salla. Sunan Abubakar ya wanzu domin an rubuta shi a littafi. Yawancin sauran dubban da suka bi hanyar nan ba wanda ya rubuta sunansu ko na garinsu, sai ƙarafan da aka ɗaure su da su kaɗai suka rage.

Cinikin bai mutu rana ɗaya ba. Ingila ta hana mutanenta shi a 1807, amma aka ci gaba da yi a ɓoye. A 1842 wani ɗan mishan, Thomas Birch Freeman, ya sauka Badagiri ya yi wa'azi a gindin wata babbar itaciya mai suna Agia, a 1845 kuma 'yan mishan suka gama ginin benen da har yanzu ya ke tsaye a garin. Barazil ta hana shigo da bayi a 1850, manyan Badagiri suka sa hannu a takardar alkawarin barin cinikin a 1852, fatauci ya koma ga manja. Bauta kanta kuwa ba a kashe ta a Barazil ba sai 1888, a Nijeriya ta Arewa sai 1936.

Ban da gidan Gwamnati, akwai waɗansu gidaje biyu da baƙi ke zuwa gani. Ɗaya na zuriyar Mobee ne, waɗanda kakanninsu suna cikin manyan garin da suka yi dillancin bayi. Ɗayan kuwa na Seriki Abass ne, wanda ya rasu a 1919. Seriki ɗin nan kalmar Hausa ce, watau Sarki. Bisa ga labarin da zuriyarsa ke bayarwa, shi ma bawa ne aka kai shi Barazil tun yana yaro, ya komo ya shiga cinikin da aka yi da shi. A gidansa akwai 'yan ɗakuna 40 inda aka tsare bayi, masu duhu, ba su da hanyar iska sai 'yar kafa can sama.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka ajiye sarƙoƙin nan jikokin masu sayarwa ne. Da sun so, da sun jefa su cikin ruwan da ke ƙofar gidansu, ba mai tambaya, bayan shekara hamsin a ce ai ba a yi ba. Amma suka ajiye, su ne kuma ke nuna wa baƙi, suna faɗin abin da kakanninsu suka aikata. Ba kowane gari ke iya wannan ba, domin mutane sun fi son tuna yaƙin da suka ci da sarkin da suka yi, su binne abin kunya.

Ajiyar kuma aiki ce wadda ba ta ƙarewa. Iskar teku tana sa ƙarfe tsatsa, laima tana cin takarda, gara tana cin itace, tsofaffin da suka ji labari daga bakin kakanninsu suna ta ƙarewa. Itaciyar Agia ma guguwa ta kayar da ita a 1959, yanzu sai ginin tunawa a gurbinta. Abin da ba a sami mai kula da shi ba haka ya kan tafi.

Malamai su kan kawo 'yan makaranta Badagiri, a ba yaro sarƙar wuya ya ɗaga da hannu biyu, ya ji nauyinta, a ce masa da ita mutum ya yi tafiya cikin rana. Yaron da ya ɗaga ta ba ya bukatar dogon bayani, gani ya kori ji. Mutumin Arewa da hanya ta kai shi Ikko, in ya sami sukuni, ya kamata ya ƙarasa Badagiri, ya shiga kwalekwale ya ƙetare zuwa Gberefu, ya taka hanyar nan har bakin teku. Watakila cikin waɗanda suka riga shi takawa akwai ɗan garinsu. Allah ya jiƙansu.