Jirgi Ɗaya, Farashi Biyu: Yadda Kuɗin Tikiti Ya Koma Bin Ƙasar Da Aka Taso

Ɗan kasuwar Wunti ta Bauchi mai shirin zuwa Dubai sarin kaya, ko ɗalibin da ya gama jami'ar ATBU ya sami gurbin ƙaro karatu a Ingila, da wuya ya zauna gaban mai yankan tikiti bai ji wannan magana ba: "Alhaji, da ta Kwatano ko Akra za ka tashi, da ka sami sauƙi." Sai mutum ya yi kasaƙe. Tsakanin Legas da Landan kusan kilomita 5,000 ne, Akra ma ta ɗan fi nisa. To me ya sa wanda ya fi kusa ya fi biya?

Ba a kan nisa aka gina kuɗin jirgi ba tun farko. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a Nuwambar 1925, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways na Ingila ya haɗa Kano da Khartoum. A lokacin gwamnatoci ke riƙe da harkar. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da ikon sararin samaniyarta, don haka babu jirgin da zai yi jigila tsakanin ƙasashe biyu sai sun zauna sun yanke kamfanin da zai zo, sau nawa a mako, da garin da zai sauka. A 1945 kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu, IATA, a Havana, suka riƙa taruwa suna yanka farashin kowace hanya, gwamnatoci na sa hannu. Da darajar kuɗaɗe ta fara hawa da sauka a farkon shekarun 1970, masu wayo suka koma sayen tikiti a ƙasar da kuɗinta ya faɗi. Don toshe wannan kafa aka ɗaure farashi da ƙasar da tafiya ta fara, kuma tun 1989 a kan haka lissafin IATA ya tsaya.

Sai Amurka ta saki kasuwar jiragenta a 1978, sauran duniya ta bi a hankali. Kamfanoni suka bar wa kwamfuta aikin yanka farashi. Kujerun talakawa na jirgi guda aka kasa su aji-aji, kowane aji da harafinsa da kuɗinsa; masu araha kan ƙare da wuri, ko kamfani ya rufe su da gangan in ya ga akwai masu saye da tsada. Kamar yadda mai tumatir a kasuwar Muda Lawal kan dubi yawan masu saye da yawan motocin da suka sauke kaya kafin ya faɗi kuɗin kwando, haka kamfanin jirgi ke duban kowace ƙasa ita kaɗai. Najeriya kuwa kasuwa ce mai masu tafiya ba adadi: 'yan harkar mai, 'yan kasuwa, masu neman magani, ɗalibai a watan Satumba, masu Umara a watan azumi. Kujeru ne suka yi kaɗan.

Sun yi kaɗan ne saboda namu jirgin ya mutu. Nigeria Airways da aka kafa a 1958 ya durƙushe a 2003, waɗanda suka gwada hanyar Landan a bayansa, irin su Arik, ba su ɗore ba. Arewa ta sha kashi biyu, domin kamfanin KLM da ya shafe shekaru da dama yana sauka a Kano ya daina a 2012. A daidai wannan lokaci rigimar farashin tikiti ta fito fili. A ƙarshen 2011 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ci tarar British Airways dala miliyan 135, Virgin Atlantic dala miliyan 100, a kan zargin haɗa baki wajen ƙarin kuɗin mai, amma kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke tarar. A Maris 2012 ministar jiragen sama, Stella Oduah, ta ba su kwana 30 su daidaita farashin Najeriya da na Gana. Wa'adin ya wuce, bambancin na nan. A ganina ba yadda za a yi barazana ta yi aiki a hanyar da fasinja ba shi da wani zaɓi.

Mafi munin abin ya zo ne ta dala. A wancan lokaci kamfanonin waje suna rubuta farashin Najeriya da dala, a karɓi naira, sannan su je Babban Banki ya canza musu su aika gida. Da dala ta yi ƙaranci, kuɗinsu ya maƙale: IATA ta ce dala miliyan 464 a Yulin 2022, ya haura miliyan 800 a 2023. Emirates ya dakatar da zuwa a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Sauran suka cire kujeru masu araha daga kwamfutocin masu yankan tikiti na Najeriya. A lokacin ejan kan juyo maka da allon ka gani da idonka: jirgi ɗaya, rana ɗaya, haruffan araha a rufe, sai na sama kawai. Abokin aikinsa a Kwatano kuwa duk a buɗe suke gare shi. A wannan lokaci ne mutane suka yi ta tsallaka iyaka su hau jirgi. Da aka biya yawancin bashin a 2024, kuma kamfanin Air Peace na Najeriya ya fara zuwa filin Gatwick na Landan ranar 30 ga Maris na shekarar, farashin Landan ya sauko cikin 'yan makonni. Abin da wa'adin minista ya kasa, jirgin gida ɗaya ya yi shi.

Akwai kuma haraji. NCAA na karɓar kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti, kuɗin hidimar fasinja na ƙasashen waje kuma hukumar filayen jiragen sama, FAAN, ta ninka shi daga dala 50 zuwa 100 a 2020. Kowace ƙasa da nata, duk a cikin tikiti suke.

Mutumin Bauchi ya fi sanin wannan lamari ta kujerar Hajji, inda nisa ke da ɗan tasiri domin jirgin shata ne, ba na kasuwa ba. A 2025 hukumar alhazai, NAHCON, ta yanka wa maniyyatan Borno da Adamawa kusan naira miliyan 8.33, sauran Arewa har da Bauchi miliyan 8.46, Kudu miliyan 8.78. A 2023 ma, da yaƙin Sudan ya rufe hanya jirage suka koma zagaye, kamfanoni sun nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum, wanda ya fara aiki a 2014, ya raba alhazanmu da wahalar zuwa wata jiha, amma da an gama jigilar alhazai mai fita waje sai ya nufi Kano ko Abuja, ya ƙara kuɗin mota, masauki, wani lokaci da tikitin cikin gida.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka ɗauki shawarar tafiya Kwatano, haɗa lissafin duka: mota, kwana, canjin sefa, da dawowar da za ta sauke ka can ba nan ba. Sannan ka sa ejan ya duba maka jiragen da ke tashi daga Kano ta Alƙahira ko Addis Ababa. Inda kamfanoni suka fi yawa a kan hanya ɗaya, nan farashi ya fi sauƙi.