'Yan Agaji a Jihar Zamfara

'Yan agaji rundunoni ne na matasa masu kayan sarki, wato kaki da bel da hula, waɗanda ƙungiyoyin Musulunci ke horarwa domin tsare tsari a wuraren tafsirin Ramadan, filayen idi da sansanin alhazai. Tushensu yana komawa ga Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, sannan Izala, da ta bayyana a Jos a 1978 ƙarƙashin mulkin soja, ta kafa nata reshen. Ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 ya ƙara musu daraja, kuma har yau da usur da sanda suke daidaita sahu a Furfuri, Bunguɗu da Tsafe, ba tare da albashi ba.