Jabru da Muƙabala: Nazari kan Mu'adalar da Majahuli Ya Bayyana a Ɓangarorinta Biyu

Duk malamin da ya daɗe yana karantar da hisabi ya san cewa yaron da ke warware 3x + 4 = 19 cikin sauƙi, ta hanyar bin sawun lissafin da baya, ya cire huɗu ya raba da uku, shi ne kuma zai tsaya cak ranar da aka rubuta masa 7x − 5 = 3x + 11, domin a nan majahuli, wato adadin da ake nema, ya zauna dama da hagu, babu sawun da za a bi. Filloy da Rojano, masana daga Meziko, sun nuna a 1989 cewa a daidai wannan gaɓa ɗalibi ke rabuwa da lissafin ƙirga ya shiga aljabara, saboda dole ya yi aiki da abin da bai riga ya san ƙimarsa ba.

Maganin da aka saba bayarwa a aji shi ne ƙa'idar nan ta cewa abin da ya tsallaka alamar daidai sai ya sauya alama; amma a ra'ayinmu ita ce tushen illar, gama an ba yaro hukunci ba tare da hujjarsa ba, shi ya sa ake ganin ya rubuta 10x = 6 zuciyarsa a natse.

Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya wallafa littafinsa na Jabru da Muƙabala a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, bai san wani tsallakawa ba, hasali ma bai yi amfani da alama ko ɗaya ba, da kalmomi ya rubuta kome, yana kiran majahuli "shai'un", wato abu. Ayyuka biyu ya kafa. Jabru, kalmar da Larabawa ke nufin ɗorin karaya da ita, shi ne cike giɓin ɓangaren da aka tauye: a ƙara biyar dama da hagu, sai a sami 7x = 3x + 16. Muƙabala kuwa, wadda Bahaushe ya fi saninta a zaman malamai biyu masu jayayya, ita ce a fuskantar da ɓangarorin, a zubar da abin da suka yi tarayya a kansa, sai 4x = 16 ya rage, majahuli ya fito huɗu; in an mayar da shi gurbinsa, kowane ɓangare 23 zai bayar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne babin wasiyya, wanda ya cinye kaso mai yawa na littafin, kuma almajirin da ya karanci fara'il a zaure ba zai ji shi baƙo ba. Mas'alar farko ita ce mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da dirhami goma a hannu, yana bin ɗayansu bashin wasu goma, ya kuma yi wasiyyar sulusi ga wani bare. Alhawarizmi ya kira rabon ɗan da ake bi bashin "abu", ya haɗa shi da goman da ke hannu, ya fitar da sulusi, ya raba saura biyu, sai rabon kowane ɗa ya zama dirhami uku da sulusi da kuma sulusin abu, wanda tilas ya yi daidai da abun kansa. Da aka yi muƙabala, sulusi biyu na abu ya daidaita da uku da sulusi, abu ya zama biyar.

Saboda haka muke ganin atisaye ya fi amfani idan an nemi ɗalibi ya ambaci sunan aikin da ya yi a kowane layi, jabru ne ko muƙabala, kafin a yarje masa gajerta hanya. Misalin sikeli yana bayyana muƙabala sarai, amma ba a ɗora ragi a kan sikeli. A wajen jabru misalin bashi ya fi dacewa, kamar ɗan kasuwa mai buhu bakwai da ake binsa naira dubu biyar.